Hasashen Rashin Zuwa Ganin Likitan Ƙwaƙwalwa

Hasashen rashin zuwa ganin likitan ƙwaƙwalwa hanya ce da asibitoci ke bi don gano, tun kafin ranar da aka sa wa majinyaci ta zo, ko zai bayyana ko ba zai bayyana ba. Ana yin sa ne da bayanan da ke cikin fayil ɗin majinyata a kwamfuta.

Matsalar rashin zuwa ta fi tsanani a wannan fanni. Wani nazari da Mitchell da Selmes suka wallafa a 2007 ya nuna cewa masu jinyar ƙwaƙwalwa ba sa zuwa kusan kashi 20 cikin 100 na ranakun da aka ba su, wato kusan ninki biyu na sauran fannonin likitanci. Sau da yawa cutar ce da kanta ke hana zuwan: mai ciwon damuwa kan kasa tashi daga shimfiɗa, wani kuma bai yarda yana da ciwo ba. A Sikotlan, binciken 2019 ya gano cewa masu daɗaɗɗen ciwon ƙwaƙwalwa da suka tsallake ganin likita fiye da sau biyu a shekara, haɗarin mutuwarsu ya ninka na masu zuwa fiye da sau takwas.

Ana ɗora wa kwamfuta tarihin dubban ranakun ganin likita da suka wuce, ta koyi abin da ke tafiya tare da rashin zuwa, sannan ta ba kowace sabuwar rana maki da ke nuna yawan yiwuwar majinyacin ba zai zo ba. Alamu biyu ne suka fi ƙarfi: ko mutum ya taɓa ƙin zuwa a baya, da kuma tsawon jira tsakanin ranar da aka rubuta shi da ranar ganin likita. Ƙuruciya, shaye-shaye da nisan gida su ma suna da tasiri. Sabon majinyaci ne ya fi wuyar hasashe, don ba shi da tarihi.

Inda ake taƙaddama shi ne abin da za a yi da makin. Wasu asibitoci kan kira mai babban maki a waya, ko su tura masa saƙon tunatarwa. Wasu kuwa sai su haɗa shi da wani majinyaci a lokaci ɗaya, don kada lokacin likita ya tafi a banza. Idan duka biyun suka zo, su ne za su sha jira, kuma galibi talakawa ne da rashin abin hawa ya sa makinsu ya hau. Ga batun sirri ma, domin bayanan ciwon ƙwaƙwalwa na cikin waɗanda fallasarsu ta fi cutar da mai su.