Balagar 'ya mace ba sallamar uba ba ce

An daɗe ana ɗauka cewa da zarar yarinya ta balaga, uba ya gama nasa, saura na uwa ne. Shi dai ya biya kuɗin makaranta ya sa ido. Wannan kuskure ne, kuma 'ya'ya mata da yawa sun cutu da shi.

Abin da ke ruɗar iyaye maza shi ne sauyin hali. Yarinyar da a da take rugowa ta karɓi jakarka, yau ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Ka tambaye ta makaranta, ta ce "lafiya lau, Baba", ido na kan waya. Sai ka ɗauka ba ta bukatarka. Ba haka ba ne. Balaga kan fara wa 'ya mace tsakanin shekara 8 da 13, amma ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna abu kafin a aikata, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Jiki ya yi gaba, hankali na biye. A wannan tsakanin take gwada tsayawa da ƙafarta, tana waiwaye ta ga ko kana nan.

In ka ja baya daidai lokacin da jikinta ke canzawa, tana iya zaton wani aibu ka gani a tare da ita. Wannan ne ya fi damuna.

Maganar haila, in ta fi sakewa da mahaifiyarta, a bar su. Amma in ta kawo maka ƙarar ƙawar da ta ɓata mata rai, ajiye wayarka, ka ji ƙarshen zancen kafin ka yanke hukunci.