Mece ce "ragar sa-ido a kan matasa"?

Wannan laƙabi ya fito ne daga bakin Victor Rios, malamin ilimin zamantakewa a Jami'ar Kaliforniya da ke Santa Barbara a Amurka. Shi kansa tsohon ɗan daba ne na birnin Oakland, kafin ya shiryu ya yi karatu har digirin digirgir. Ya koma birnin ya shafe shekara uku yana bin rayuwar samari 40, baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka, ya wallafa abin da ya gani a 2011.

Abin da yake nufi shi ne, ba ɗan sanda kaɗai ke farautar yaron ba. Makaranta, jami'in da kotu ta ɗora wa sa masa ido, mai kanti, cibiyar matasa ta unguwa, wani lokaci har iyayensa, duk sun haɗu sun zama raga ɗaya, kowa na kallonsa a matsayin mai laifi tun kafin ya aikata komai. Yaro ya ɗaga wa malama murya a aji, maimakon a kira mahaifiyarsa sai a kira ɗan sandan da aka girke a makarantar. Ya shiga kanti sayen lemo, mai gadi na biye da shi. Ranar da shi kuma aka tare shi aka lakaɗa masa duka, ba ya samun mai kare shi. Gaba kura, baya sayaki.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne yadda ake shafa wa yaro kashin kaji a rubuce. Kaliforniya na da rumbun sunayen waɗanda ake zargi da daba, CalGang, kuma kalar tufafi, zanen jiki ko tsayuwa da wane na iya jefa mutum ciki. Da mai binciken kuɗi da ayyukan jihar ya duba rumbun a 2016, sai ga sunaye 42 na waɗanda, bisa ranakun haihuwar da aka rubuta musu, ba su cika shekara ɗaya da haihuwa ba lokacin da aka shigar da su. An rubuta cewa 28 daga cikinsu sun amsa da bakinsu su 'yan daba ne. Jarirai fa!

Rios ya lura cewa wasu samarin, da suka ga ko sun yi ladabi ko ba su yi ba sunan ɗaya ne, sai su riƙa taurin kai da gangan don su tsira da ɗan mutuncinsu. Hukuma kuma ta ɗauki taurin kan nan ta ƙara a fayil ɗinsu.