Rikiɗar ƙwayar jiki zuwa ta daji da girma ba tare da madafa ba

Rikiɗa, a ilimin ciwon daji, ita ce sauyin da ke samun lafiyayyar ƙwayar jiki har ta koma hayayyafa ba ji ba gani. Daga cikin alamomin da ake gane ƙwayar da ta rikiɗe, wadda masu bincike suka fi dogara da ita ita ce iya girma ba tare da ta manne da komai ba. Ƙwayoyin fata da na nono da na hanji ba sa rabuwa biyu sai sun sami abin kamawa. Na daji kuwa da yawansu suna yi ko da suna lilo cikin ruwa, tamkar kainuwa da ba ruwanta da ƙasa. Ƙwayoyin jini ba sa cikin wannan ƙa'ida, su dama a yawo suke rayuwa.

Madafar ƙwaya

A cikin jiki, ƙwaya na zaune ne kan wata raga ta furotin, irin su kolajin. Tana riƙe ragar da wasu ƙugiyoyi da ake kira intagirin, waɗanda suka ratsa fatarta. Idan ƙugiya ta kama, saƙo na bi ta furotin FAK da Src ya shiga ciki cewa an sami mazauni, ana iya rabuwa. Idan ta suɓuce, ƙwayar takan tsaya, sau da yawa ma ta kashe kanta. Steven Frisch da Hunter Francis ne suka raɗa wa wannan mutuwa suna anoikis a 1994, daga kalmar Girkanci mai nufin rashin gida. Da ita ne ƙwayoyin da ke saɓulewa daga bangon hanji kullum suke mutuwa, ba su je sun kafa sansani a wani wuri ba.

Duk mai kiwon ƙwayoyi a kwalba, kamar masu haɗa rigakafin dabbobi a cibiyar Vom kusa da Jos, ya san wannan hali. Ƙwayoyin kan shimfiɗu su lafe a gindin kwalbar, ba sa ɓamɓaruwa sai an zuba musu sinadarin tirifsin.

Tarihi

Wajen 1909 aka kai wa Peyton Rous, a Cibiyar Rockefeller da ke Amurka, wata kaza mai ƙari a ƙirji. Ya niƙa ƙarin, ya tace shi da matacin da ko bakteriya ba ta wucewa, ya yi wa wasu kaji allurar ruwan, sai su ma suka fitar da ƙari, alamar cewa akwai bairos, ƙwayar cutar da ta fi bakteriya ƙanƙanta, a cikin ruwan. A 1911 ya bayyana sakamakon. Masana da yawa suka ce wannan lamarin kaji ne, bai shafi mutum ba, shi ya sa kyautar Nobel ba ta iso shi ba sai 1966, yana da shekara 87.

A farkon shekarun 1950, Michael Abercrombie da Joan Heaysman a Landan suka lura cewa lafiyayyun ƙwayoyi kan dakata da tafiya idan suka taɓa juna. A 1958 Howard Temin da Harry Rubin suka nuna cewa bairos ɗin kazar Rous na sa ƙwayoyi su bar wannan ladabi, su yi ta hawa kan juna har su zama tsibi da ake iya ƙirgawa. Mataki na gaba ya zo a 1964 a Gilasgo, inda Ian Macpherson da Luc Montagnier suka rataye ƙwayoyin hamsta, wata dabba dangin ɓera, cikin agar mai laushi, wani abu mai daskarewa da ake samu daga ciyawar teku. Waɗanda bairos ya rikiɗa ne suka yi curi, sauran suka tsaya yadda aka saka su. Montagnier ɗin nan shi ne daga baya ya yi suna a gano bairos mai kawo ƙanjamau. Ana danganta sunan "dogaro da madafa" ga Michael Stoker da abokan aikinsa, wajen 1968. A tsakiyar shekarun 1970 kuma aka tabbatar cewa, cikin duk alamomin rikiɗa, girma cikin agar ne ya fi dacewa da iya haifar da ƙari a jikin ɓeraye marasa garkuwa.

Abin da ya juya fannin gaba ɗaya ya faru ne a 1976. Michael Bishop da Harold Varmus da abokan aikinsu suka gano cewa gaɓar gado (wato yanki na DNA, rubutun gadon da ke cikin ƙwaya) mai suna src, wadda bairos ɗin Rous ke rikiɗa ƙwaya da ita, asalinta ta kazar ce, bairos ɗin tsinta ya yi ya gurɓata ta. Ashe ɓarawon a cikin gida yake. A 1982 aka gano cewa harafi ɗaya tak na DNA ne ya bambanta gaɓar ras ta ƙwayoyin dajin mafitsara da lafiyayyarta. A 1983 ɗakin binciken Robert Weinberg ya nuna ras ita kaɗai ba ta isa ta rikiɗa ƙwayar da aka ciro sabuwa daga jikin ɓera, sai an haɗa ta da wata gaɓar mai suna myc. Ƙwayar mutum ta fi taurin kai: sai 1999 aka iya rikiɗa ta da gaɓoɓin da aka zaɓa, ciki har da wadda ke hana ta tsufa.

Yadda ake gwajin

Agar daga ciyawar teku ake samunsa, yana kuma daskarewa kamar romon ƙafar sa da ya kwana. Ana fara shimfiɗa mai ɗan ƙarfi, wajen kashi 0.5 cikin ɗari, don kada ƙwaya ta taɓa gindin faranti. Sai a zuba mai laushi, wajen kashi 0.3, gauraye da ƙwayoyin. A ajiye a zafin digiri 37 na mako biyu zuwa uku, ana ɗiga ruwan abinci kada ya bushe. Daga nan a rina, a ƙirga curin da ya fito.

Abubuwan da ke jawo rikiɗa

Lalacewar iri biyu ce: gaɓoɓin da ke tura ƙwaya rabuwa, irin ras da myc, su maƙale a kunne, ko kuma masu taka mata birki, irin p53 da Rb, su mutu. Ana samun p53 a lalace a kusan rabin cututtukan dajin ɗan Adam. Ras da ta lalace na aika saƙon "an sami mazauni" ko da ƙugiya ba ta kama komai ba.

Uku daga cikin sanannun misalai sun shafi Najeriya kai tsaye. Bairos HPV, mai jawo dajin bakin mahaifa, na da furotin biyu, E6 da ke rusa p53 da E7 da ke ɗaure Rb. An fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinsa a ƙasar a Oktoban 2023, Abuja na cikin rukunin farko. Gubar afalatoksin, da fumfuna ke bari a gyaɗa da masarar da aka adana da laima, na sauya harafi ɗaya a p53 cikin hanta, haɗarin kuma na ninkuwa ga mai ciwon hanta nau'in B. A dajin muƙamuƙin yara da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, wanda ake samu a Najeriya ma, myc ce ke tashi daga kuromosom (ƙunshin DNA a cikin ƙwaya) na 8 ta koma, galibi, na 14.

Saɓani

Ba duk ƙwayar da ta yi curi a agar ke haifar da ƙari a dabba ba, kuma da yawa daga ƙwayoyin da aka ciro kai tsaye daga ƙarin majinyata ba sa girma a cikinsa. Masana ba su daidaita ba kan iya gwargwadon da gwajin ke nuna yiwuwar daji ya bazu zuwa wasu sassan jiki.