Yuzuru Hanyu

Yuzuru Hanyu (an haife shi 7 ga Disamba, 1994, a Sendai da ke Japan) ɗan wasan zamiya ne a kan ƙanƙara, irin wanda ake haɗa tsalle da juyi bisa kiɗa, alƙalai na ba da maki. Ya ci zinaren Olamfik a 2014 da 2018, ya zama zakaran duniya a 2014 da 2017, ya kuma riƙe kambun Japan sau shida.

Tasowa

Yana da shekara huɗu ya bi yayarsa filin ƙanƙara, duk da ciwon asma da yake fama da shi. A 2010 ya ci gasar duniya ta matasa. Ranar 11 ga Maris, 2011, girgizar ƙasa ta same shi yana tsakiyar atisaye a Sendai. Filin ya lalace aka rufe shi, iyalinsu suka yi 'yan kwanaki a wurin tsugunar da jama'a. Da ya rasa wurin horo, sai ya riƙa yawon wasannin nishaɗi gari-gari, kusan sittin, yana mai da su atisaye. A 2012 ya ci tagulla a gasar duniya a birnin Nice na Faransa, sannan ya koma Toronto a Kanada wurin koci Brian Orser, inda Javier Fernández ɗan Sifaniya ke horo.

Sochi zuwa Helsinki

A gasar Olamfik ta Sochi da ke Rasha a 2014 ya sami maki 101.45 a gajeren zagaye (na farko cikin zagaye biyun gasar), shi ne na farko da ya haye 100. A dogon zagaye ya faɗi sau biyu, amma Patrick Chan na Kanada ma ya yi tuntuɓe, sai zinare ya zauna hannun Hanyu yana ɗan shekara 19. Kafinsa babu namiji daga Asiya da ya taɓa cin wannan lamba.

A Nuwamban shekarar, a Shanghai, suka yi karo da Yan Han na Sin wajen motsa jiki. Ya fito da bandeji a kai, ya faɗi sau biyar, ya ƙare na biyu. An yi ta muhawara kan dacewar barinsa ya yi wasa a wannan hali.

Ƙarshen 2015 ne ganiyarsa. A gasar kofin NHK a Japan ya tara maki 322.40, karon farko da wani ya wuce 300. Bayan mako biyu a Barcelona ya kai 330.43. Duk da haka Fernández, abokin horonsa, ya ƙwace masa kambun duniya a 2015 da 2016. Ya maido shi a Helsinki a 2017, bayan ya taso daga matsayi na biyar.

Pyeongchang

A Nuwamban 2017 ya ji rauni a idon sawun dama wajen atisaye, ya yi kusan wata uku bai shiga gasa ba. Haka ya isa gasar Olamfik ta 2018 a Pyeongchang da ke Koriya ta Kudu ya ci zinare da maki 317.85, Shoma Uno na Japan na biye da shi, Fernández na uku. Rabon da wani namiji ya kare wannan kambu tun Dick Button na Amurka a 1952. Gwamnatin Japan ta karrama shi a Yulin 2018.

Neman Aksel mai juyi huɗu

Aksel ne kaɗai tsallen da ake tashi ana fuskantar gaba a sauka da baya, saboda haka akwai ƙarin rabin juyi a cikinsa: mai huɗu yana nufin huɗu da rabi ke nan a iska. Hanyu, wanda a 2016 ya zama na farko da ya saukar da nau'in tsallen da ake kira luf (loop) mai juyi huɗu a gasa, ya ɗora ragowar shekarunsa kan wannan buri, alhali Nathan Chen na Amurka yana kwashe kambun duniya. A 2020 ya ci gasar nahiyoyi huɗu a Seoul, wadda ita ce babbar lambar da ta rage masa.

A gasar Olamfik ta Beijing a 2022 kaifin takalminsa ya faɗa wani rami a ƙanƙara, tsallensa na farko ya tashi a banza, ya tsinci kansa na takwas. A dogon zagaye ya gwada Aksel ɗin, juyin bai cika ba, ya faɗi. Ya ƙare na huɗu. Ilia Malinin na Amurka ne ya fara saukar da tsallen a gasa a Satumban shekarar.

Barin gasa

Ranar 19 ga Yuli, 2022, ya sanar da daina shiga gasa, ya koma shirya wasanninsa na nishaɗi.