Ɗaga tantanin kogon muƙamuƙi domin dashen haƙori

Ɗaga tantanin kogon muƙamuƙi tiyata ce da likitocin haƙori ke yi don ƙara ƙashi a muƙamuƙin sama, wajen turame, kafin a kafa ƙusar titaniyom da haƙorin dashe zai zauna a kai. A saman saiwoyin turamen akwai kogon iska mai haɗe da hanci, wanda wani tantani siriri ya lulluɓe cikinsa. Idan haƙori ya fita aka daɗe, ƙashin wurin yakan zaizaye, kogon kuma ya faɗaɗa zuwa ƙasa, har ƙusa ta rasa abin kamawa.

Likitan nan na Amurka, Hilt Tatum, shi ya fara aikin a shekarun 1970, sannan Boyne da James suka wallafa bayaninsa a 1980. Hanyar ita ce a buɗe dasashi ta gefen kunci, a yanka 'yar taga a jikin ƙashi, a ɗaga tantanin a hankali, a cusa garin ƙashi a gurbin. Ana zaɓarta idan ƙashin da ya rage bai kai milimita 5 ba, kuma tana iya ƙara milimita 10 ko fiye. Likita yana ganin abin da yake yi, wannan kuwa babbar fa'ida ce. Sai dai kumburi ya fi yawa, sau da dama kuma akan jira wata 6 zuwa 9 kafin a kafa ƙusar.

A 1994 Robert Summers ya bayyana hanya ta biyu. Ana bi ta ramin da ƙusar za ta shiga, a riƙa buga siririn ƙarfe da ƙaramar guduma har ƙasan kogon ya ɗaga. Rauni kaɗan ne, yawanci a zama ɗaya ake kafa ƙusar, amma ƙarin ba ya cika wuce milimita 3 zuwa 4. Wasu kan yi fama da jiri bayan bugun.

Yagewar tantani ita ce matsalar da aka fi gamuwa da ita. Ta hanyar taga ana ganin yagar a rufe ta nan take. Ta hanyar Summers tana iya ɓuya. Don haka bai kamata majiyyaci ya nace wa hanya mai sauƙi ba alhali ƙashinsa bai isa ba. Hoton CBCT, wato wani nau'in hoton X-ray mai nuna ƙashi ta kowace fuska, shi ne ke auna ƙashin, ya kuma nuna ko akwai ciwo a kogon da ya kamata a fara magancewa. Shan taba na rage damar nasarar dashen a kowace hanya.