Wai shin me ake nufi da Balantain?

Tun da Fabrairu ya kama, duk tashar da ka murɗa sai ka ji Balantain. Shekaranjiya na ji wani mai gabatar da shiri a rediyo yana cewa, ko gezau, wai kalmar tana nufin "soyayya" a harshen Rumawa. Matasa kuma sun gutsure ta, har ka ji ana tambaya, "Wace ce bal ɗinka bana?"

To, sunan mutum ne. Asalinsa Valentinus, daga kalmar Latin valens, wato mai ƙarfi, mai ƙoshin lafiya. Suna ne da iyaye a Daular Rum ke raɗa wa ɗa namiji don fata, kamar yadda mu ma muke sa wa yaro Nasiru ba tare da wani dogon tunani ba. Ya yaɗu sosai, shi ya sa Kiristocin farko da aka kashe saboda addininsu masu wannan suna suka fi ɗaya. Biyu ake dangantawa da 14 ga Fabrairu: wani limamin coci a birnin Rum, da wani bishop na garin Terni a Italiya, dukansu a ƙarni na 3, kuma an binne su a gefen hanyar Flaminia. Wasu masana ma na ganin mutum ɗaya ne labarinsa ya rabu biyu. Ranar dai ta tunawa da wanda aka fille wa kai ce. Duk wanda ya ce wa budurwarsa "ke ce Balantain ɗina", sunan wani malamin coci da aka yanka ya kira ta da shi.

Labarin nan da ake maimaitawa kowace shekara, wai Sarkin Rum Claudius ya hana sojoji aure shi kuma Balantain yana ɗaura musu a ɓoye, daga baya can aka ƙara shi. Ƙarancin abin da aka tabbatar a kansa ne ya sa Cocin Katolika ta cire ranarsa daga babbar kalandarta a 1969, duk da har yanzu tana ɗaukarsa waliyyi. Masu cewa bikin maguzawan Rum na Lupercalia ne aka sauya wa riga su ma ba su da hujja sai kusancin kwanan wata.

Soyayya ta shigo ne fiye da shekara dubu bayan mutuwarsa, ta bakin mawaƙa. A ƙarshen ƙarni na 14 Geoffrey Chaucer na Ingila ya rubuta cewa ranar Waliyyi Balantain ce tsuntsaye ke zaɓar abokan zama, sai fadawa suka ɗauka. Da kuɗin aika wasiƙa ya faɗo zuwa kobo ɗaya na Ingila a 1840, katin masoya ya zama haja, a Amurka kuma Esther Howland ta mayar da shi sana'a sukutum.

Ni dai a ganina tun daga nan ranar ta fita hannun coci ta koma hannun ɗan kasuwa, kuma can take har gobe. Ghana ce kawai ta fito fili ba kunya, ta ce tunda koko take nomawa, 14 ga Fabrairu Ranar Cakulan ce ta ƙasa.