Ma'anar "siyasa ba da gaba ba"

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, 'yan takara da masu magana a gidajen rediyo sukan yawaita cewa siyasa ba da gaba ba suke yi. Wannan take ana danganta shi da Alhaji Waziri Ibrahim, attajiri kuma ɗan siyasa daga Borno, wanda ya kafa jam'iyyar GNPP bayan ya raba gari da abokan tafiyarsa na NPP a 1978, ya kuma tsaya takarar shugaban ƙasa a zaɓen 1979 wanda Alhaji Shehu Shagari ya lashe. Jam'iyyarsa ta ci kujerar gwamna a Borno da Gongola, daga baya ta shuɗe, amma taken ya zauna a bakin mutane.

Abin da maganar take nufi shi ne a bambance tsakanin adawa da gaba. Adawa ita ce mutum ya ƙi yarda da manufar wani ko da ɗan takararsa, ya faɗi dalilinsa a fili, ya kuma nemi jama'a su bi nasa ra'ayin. Gaba kuwa a wurin Bahaushe aba ce da ake gani da ido: a daina gaisawa, a ƙaurace wa suna da ɗaurin aure, har ta kai ga a yi wa maƙwabci rasuwa mutum ya kasa shiga ya yi ta'aziyya. Musulunci ya hana mutum ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, alhali gabar siyasa takan ɗauki shekara huɗu cur, daga wannan zaɓe zuwa wancan.

Waziri bai ɗauko wannan kira daga sama ba. Mutanen zamaninsa sun ga abin da ya faru tsakanin jam'iyyun NEPU da NPC a shekarun 1950, lokacin da aka riƙa ɗaure 'yan adawa ana yi musu bulala, 'yan banga suna tarwatsa taro, gidaje suka rabu saboda jam'iyya. Jam'iyyarsa ma ba ta tsira ba, domin a 1980 gwamnatin tarayya ta kori Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye na GNPP a majalisar dokokin Borno, zuwa Chadi bisa zargin cewa ba ɗan Najeriya ba ne, sai da kotu ta tabbatar masa da haƙƙinsa.

Inda ake gane ko mutum ya fahimci wannan take shi ne a tsakanin abokai, a majalisar ƙofar gida, a teburin mai shayi, ko a zauren WhatsApp na tsofaffin 'yan aji ɗaya. Wanda ya fahimta yakan bar abokinsa ya gama magana, ya kuma tambaye shi dalilin da ya sa yake goyon bayan wane, domin sau da yawa dalilin na gaskiya ne: wani an gyara asibitin garinsu, wani kuma an rushe masa shago. Idan aka san wannan, musun yakan koma kan aiki da manufa, kamar tsadar taki ko albashin malamai, ya bar kan iyayen mutum da addininsa da ƙabilarsa. Abu mafi wuya, wanda a ganina shi ne zuciyar maganar, shi ne mutum ya iya cewa gwaninsa ya yi kuskure a wuri kaza, a gaban wanda ba ya son gwanin nasa. Duk wanda ba zai iya wannan ba, to biyayya yake yi, kuma hira da shi ba ta zuwa ko'ina. Haka nan tura labarin da ba a tantance ba don a ƙure aboki yana ɓata zumunci fiye da zazzafan musu.

Yana da kyau magoya baya su lura da yadda manyan suke. Rabi'u Musa Kwankwaso da Ibrahim Shekarau sun shafe shekaru suna hamayya a Kano, suka haɗu a jam'iyyar NNPP a 2022, suka sake rabuwa cikin 'yan watanni. Abdullahi Ganduje kuwa sau biyu yana mataimakin Kwankwaso kafin su ɓata. Shugabanni suna sauya sheƙa, suna haɗuwa a ɗaurin auren 'ya'yansu, amma abokan da suka yi baram-baram dominsu ba su da wanda zai sasanta su.

Akwai kuma fahimtar da ya kamata a gyara. Wasu suna ɗauka cewa ma'anar taken ita ce a daina zancen siyasa gaba ɗaya don a zauna lafiya, alhali Waziri da ya yi wannan kira, jam'iyya ya kafa, ya shiga takara, ya soki gwamnati mai ci. Wasu masu mulki kuma sukan fake da shi idan aka tambaye su inda kuɗin jama'a suka shiga, su ce ana yi musu gaba. Tambayar shugaba ya yi bayanin abin da aka damƙa masa adawa ce halattacciya, kuma aboki yana da damar ya yi ta da kakkausar murya, ko da shugaban da ake tuhuma gwanin amininsa ne.